Gawar Tarakta da Garmar Kakana

Daga wani ɗalibin aji biyar, ɗan Kanya Babba

Ina godiya ga Edita da ya ba ni fili a wannan mujalla tamu, domin in faɗi albarkacin bakina a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Al'amarin kuwa shi ne ƙoƙarin da gwamnatocin da suka shuɗe suka yi na mai da nomanmu na zamani, da darasin da ya kamata mu 'yan makaranta da iyayenmu mu ɗauka daga ciki. Na san wani zai ce, yaro ɗan shekara 16 me ya sani game da shirin gwamnati? Gaskiya ne ban ga jiya ba, amma na zauna da waɗanda suka gan ta, na kuma duba littattafan da ke laburarenmu. Ban da haka, abin ya taɓa rumbun gidanmu, kamar yadda zan bayyana nan gaba.

A bakin hanyar da nake bi idan an koma hutu, akwai wani tsohon sito na kayan gona, a bayansa kuwa akwai gawar wata tarakta. Tayoyinta sun ruɓe, gindinta ya nutse cikin rairayi, tumfafiya ta fito ta tsakiyar injinta, awaki kuma sun mai da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Kakana ya ce ranar da aka kawo ta da kiɗa aka tarye ta, yara suna bin ta a guje. Damina uku ta yi tana aiki. A ta huɗu wani ƙarfe ya karye a cikinta, aka ce sai an aiko da irinsa daga Turai. Har yau ana nan ana jira.

A zauren gidanmu kuma akwai wani ƙarfen, wato garmar shanu. Mahaifin kakana ne ya karɓe ta rance daga En'e tun kafin a sami mulkin kai a 1960, ya riƙa biya a hankali da kuɗin gyaɗa. Ta girmi taraktar nan nesa ba kusa ba, amma bana ma ta yi huɗa. In bakinta ya cinye, maƙerin garinmu zai ƙera mata wani kafin la'asar. Abin lura shi ne, da taraktar da garmar duk hukuma ce ta kawo su, duk kuma da niyyar alheri. To, me ya sa ɗaya ta mutu da ƙuruciyarta, ɗaya kuwa ta ga jikoki?

Amsata ita ce, shirin noma ba ya kama ƙasa sai in ya zama abin da manomi zai iya riƙewa da hannunsa bayan masu jawabi sun shiga mota sun koma birni. Abin da zai iya saya, ya iya gyarawa, ya kuma same shi a ranar da yake bukata, shi ne zamani a wurinsa. Bari mu waiwaya mu gani, don masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga nan ne gyaɗa ta zama kuɗi a wannan yanki namu. Wajen 1928 ma'aikatar gona ta Turawa ta fara shirin noma da shanu. Tsarin mai sauƙi ne: a ba manomi rancen bijimai biyu da garma, malamin gona ya nuna masa yadda ake horar da su, shi kuma ya riƙa biya bayan kaka. Da farko mutane ƙalilan ne suka karɓa. Amma da maƙwabci ya ga maƙwabcinsa ya huɗe a wuni ɗaya abin da shi yake kwanaki yana fama da shi da garmar hannu, sai abin ya bazu da kansa. Bijiman nan suna ba da taki, suna jan amalanke, in sun ƙoshi kuma a sayar da su da riba a sayi ƙanana. Yau kusan shekara ɗari ke nan. Turawan sun tafi, En'e ta tafi, garma tana nan.

Turawan sun gwada ɗaya hanyar ma. A 1949 suka buɗe wata ƙatuwar gona a Mokwa, suka kawo taraktoci, suka share daji, suka zaunar da manoma. Tarakta ta yi huɗa mai faɗi, amma cire ciyawa ya koma kan fartanya, ga shi gonar ta fi ƙarfin hannun mai ita. Injuna suka yi ta lalacewa, kuɗi suka yi ta zurarewa, har a 1954 kamfanin da ke riƙe da aikin ya janye hannunsa. Da an riƙe wannan darasi, da an huta da asara mai yawa daga baya.

A shekarun 1960 Nijeriya tana sahun gaba a duniya wajen sayar da gyaɗa waje, dalar gyaɗa ta Kano kuwa dukanmu mun gan ta a hoto. Amma hukumar ciniki ce kaɗai ke da ikon fitar da ita, ita ke yanka farashi, abin da take ba manomi kuwa bai kai abin da take samu a kasuwar duniya ba. Sai ga farin 1972 zuwa 1974, sai kuma ga cutar kuturtar gyaɗa a 1975. Kakana ya ce a wannan shekara ko irin da ya zuba bai mayar ba. Manomin da aka daɗe ana tatsa ba shi da abin da zai miƙe da shi. Dala ta rushe, ba ta sake tashi ba.

Daga nan aka shiga zamanin kuɗin man fetur da shirye-shirye masu manyan sunaye. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin Ciyar da Ƙasa, wanda aka fi sani da OFN. Aka ce kowa ya yi noma, har a bayan ofis da filin makaranta, aka kuma tura ɗalibai ƙauyuka lokacin dogon hutu su taimaka wa manoma. Kakana yana dariya in ya tuna wanda aka kawo musu, wai bai san bambancin gero da maiwa ba, su ne suka koya masa riƙon fartanya. A 1980 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta zo da nata shirin na Juyin Noma, alhali kuwa a daidai wannan lokaci jiragen ruwa suna ta sauke shinkafar waje a Ikko. Ka ce wa mutum ya noma, sa'an nan ka cika masa kasuwa da ta waje mai araha, ai ka ba shi da dama ne ka karɓe da hagu. A 1987 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama, aka ce mu noma tamu. Mutane suka zuba jarinsu, suka fara sabawa, sai a 1992 aka janye hanin.

Haka labarin takin zamani yake. A zamanin OFN gwamnati ce ke biyan mafi yawan kuɗinsa. A 1997 aka cire rangwamen, a 1999 aka mai do da wani ɓangare, a 2012 aka koma rabawa ta wayar hannu, daga baya aka sake wani salon. A duk waɗannan shekaru kukan manomi ɗaya ne: taki yakan zo bayan shuka ta wuce lokacinsa, ko ya bi ta hannun waɗanda ba su da gona. Halinmu ya zama kamar na mai haƙa rijiya, wanda in ya yi gaba biyu sai ya bar ramin ya koma wani wuri, sa'an nan ya ce ƙasar ba ruwa.

Kada a ce na ƙi faɗin alheri. Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya gina madatsun ruwa irin su Bagauda da Tiga, kuma duk wanda ya bi ta Kura da Kadawa da rani ya ga shinkafa da tumatir zai yi masa addu'a. Sai dai babban aiki yana da babban farashi. Tare ruwa a sama ya rage ambaliyar da manoma da masuntan Haɗeja zuwa Nguru suka dogara da ita, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. A Bakolori, cikin Afrilun 1980, manoman da aka karɓe wa gonaki suka tashi neman diyya, aka tura musu 'yan sanda, aka rasa rayuka. Mu kuma mazauna jigawa, waɗanda gero da wake da gyaɗa da riɗi ne abin nomanmu, ruwan Tiga bai taɓa zuwa bakin gonarmu ba.

Abin da ya iso gare mu ƙananan abubuwa ne. A farkon shekarun 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, aka kafa hukumar KNARDA da taimakon Bankin Duniya. Lokacin muna cikin Jihar Kano, don sai a 1991 aka ƙirƙiro Jigawa. Ta yi hanyoyin karkara, ta haƙa rijiyoyi, ta baza malaman gona, ta kuma yaɗa 'yar rijiyar burtsatse ta fadama da ƙaramin injin ban-ruwa. Wannan inji bai tsaya jiran gwamnati ba, domin mutum ɗaya yana iya sayensa, ya ɗora shi a babur, in ya lalace kuma bakanike yana nan a kowace kasuwa. Haka iri mai saurin nuna, kamar gyaɗa 'yar Dakar da gero Sosat. Ba wanda ya yi shela a kansu sau biyu. Daga kwanon wannan zuwa kwanon wancan suka zaga ƙasa, saboda sun dace da gajeriyar daminarmu. Duk waɗannan dangin garmar kakana ne.

Yanzu bari in zo kan abin da ya same mu. Bara waccan aka zo da labari cewa za a kawo tarakta ta haya mai sauƙin kuɗi. A lokacin Baba yana cikin matsi, ga kuɗin jarrabawar yayana, ga nawa kayan komawa makaranta. Sai ya yanke shawarar sayar da bijimanmu biyu. Kakana ya kira shi zaure ya ce, "Kai dai ka sake tunani. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni." Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, zamani ne ya sake. A yi mini addu'a." Kakana bai ƙara ba.

Baba ya rubuta suna, ya ba da kafin alƙalami. Ruwa ya sauka, muka shuka gero, muka bar gonakin gyaɗa suna jiran huɗa. Ashe tarakta ɗaya ce ga garuruwa da yawa, ta kuma fara da manyan gonaki. Maƙwabta masu shanu kowa yana fama da tasa. Sai bayan kwana ashirin ta iso kanmu. Gonakinmu 'yan guntaye ne a wurare huɗu, ɗaya ma direba ya ce hanyarta ta yi masa ƙunci. Gyaɗa ta shiga ƙasa a makare, ruwa ya ɗauke kafin ta cika, da yawa ta fito holoƙo. Inda muka saba samun buhu goma sha huɗu, biyar muka ɗauka. Da rani kuma ba takin shanu, ba amalanken kai shi gona. A wannan zango na dawo makaranta ba ƙuli-ƙuli ba kuɗin sabulu, abokan ɗakinmu shaida ne. Sai da Baba ya sayar da tumakin Inna ya haɗa da kuɗin riɗi, sa'an nan ya sayi 'yan maruƙa biyu muka sake horarwa.

Ban ga laifin Baba ba, domin saboda karatunmu ya yi. Ban kuma ga laifin direba ba. Lissafin ne bai fita ba tun farko. A ƙasarmu kowa yana bukatar huɗa ne a cikin kwanaki goman nan na farkon damina, inji ɗaya kuwa ba ya zama a gona ɗari a rana ɗaya.

Kada kuma mu ɗauka mu kaɗai muka taɓa shiga irin wannan hali. Malaminmu na tarihi ya ba mu labarin ƙasar Girka, wadda shekara ɗari da suka wuce ƙasa ce ta ƙananan manoma matalauta, tana sayen alkamar da take ci daga waje. Bayan yaƙinta da Turkiyya, a 1923 aka yi musayar jama'a, 'yan gudun hijira fiye da miliyan ɗaya suka taru a cikinta. Gwamnati ta yanyanka manyan gandaye ta raba wa marasa gona, aka ba su dabbobin huɗa da garma da iri. A 1929 aka kafa bankin manoma don ya raba su da masu ba da bashi da ruwa, aka tsayar wa alkama farashi, aka kuma yi ta binciken irin da ya dace da ƙasar. Taraktoci ba su yawaita ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da manomi ya riga ya sami gona tasa da rance da kasuwa. Wajen ƙarshen shekarun 1950 Girka ta kai ga ciyar da kanta da alkama. Su ma sun sha juyin mulki da yaƙi, amma sabuwar gwamnati ba ta zuwa ta rushe bankin don ta kafa nata. Bankin nan ya rayu har 2012. Shekara talatin suka yi suna haƙa rami ɗaya kafin su tarar da ruwa.

Ba ma sai mun je Turai ba. Ga maƙwabtanmu na Magarya da Matamaye, tsallaken iyaka kaɗan daga Babura. Bayan yunwar 1984 manoman Nijar suka koma barin tohon itatuwa ya girma a gonakinsu, musamman gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar shuka ta sha rana, ya kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi. A wajen Maraɗi suna kiran wannan sassaben zamani. Babban taimakon da hukuma ta yi shi ne ta sassauta, har manomi ya amince cewa itacen da ya raina nasa ne. Masana sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 ta wannan hanya, ba tare da inji ko ɗaya ba.

Na san wasu abokaina za su ce, wannan so yake mu dawwama muna bin bayan sa, alhali duniya ta yi nisa. Suna da hujja. Jama'a tana ƙaruwa, samari suna gudun fartanya, ciyar da bijimi da rani ya yi tsada, ga kuma ɓarayin shanu. Ni ma ina son inji, ina ma fatan in karanta aikin injiniya. Abin da nake cewa shi ne a fara da tambayar manomi. Wa zai gyara injin? Ina za a sami kayansa? Zai shiga gonar kadada ɗaya mai gawo a tsakiya? Zai zo a kan kari? In ƙaramin injin huɗa na turawa da hannu, ko famfon ban-ruwa mai aiki da hasken rana, ya amsa waɗannan tambayoyi, zai bazu kamar yadda garma ta bazu, ko an yi biki ko ba a yi ba. In bai amsa ba, wata gawar ce za a ƙara mana a bayan sito.

Saboda haka ga roƙona ga shugabanni. Na ɗaya, in an tarar da shiri mai amfani a ci gaba da shi, ko da sunan wani ne a jikinsa. Na biyu, taki da iri su iso kafin saukar ruwa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Na uku, duk injin da za a kawo, a fara horar da maƙera da bakanikawan da za su riƙe shi. Na huɗu, a ƙara malaman gona, a ba su abin hawa, su zauna cikinmu kamar yadda na da suka zauna. Na biyar, kada a ce wa manomi ya noma abu sa'an nan a karya masa farashi da na waje ranar da ya kawo kasuwa.

Ku iyayenmu, ku gafarce ni, ba koya muku noma nake yi ba. Roƙo ne kawai: kada ku saki abin da ke hannu sai kun ga sabon ya yi damina biyu ko uku a gonar maƙwabci. Kuma in muka dawo hutu muka kawo wata dabara daga aji, ku ba mu kunya biyar a gefen gona mu gwada. In ta yi, ribar gida ce. In ba ta yi ba, asarar kaɗan ce.

Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, mu daina ɗaukar aikin gonar makaranta tamkar horo. Tuwon da muke ci a ɗakin cin abinci da kuɗin da ake aiko mana duk daga ƙarƙashin fartanya suka fito. Wasunmu gobe su ne za su zauna a ofisoshin da ake tsara waɗannan shirye-shirye. In Allah Ya kai ɗayanmu can, ina roƙonsa kafin ya sa hannu a takarda ya zo ya zauna a zaure da irin su kakana, ya ji abin da suka gani.

Da na karanta wa kakana wannan rubutu, sai ya yi murmushi ya ce, "To ɗan boko, ka iya faɗa. Saura in an yi hutu ka zo ka riƙe mini igiyar sa." Na ce masa in Allah Ya yarda zan zo.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya saka wa iyayenmu da malamanmu da alheri, amin. Wassalam.